Jan da Ba Ya Zuba

A kwanana na uku a Maraɗi aka cuce ni, kuma ni da hannuna na taya macucin ɗaure buhun a bayan babur, har ina yi masa addu'ar Allah Ya ƙara kasuwa. Amma bari in fara da abin da ya kai ni can, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Mu dukawa ne a Zariya. Kakan mahaifina ya kafa rumfarmu, kuma abin da aka san mu da shi jar gafaka ce, jakar fatar nan da ake adana Alƙur'ani a ciki. Jan da muke rina fata da shi karan dafi ne, ɓawon wata irin dawa da ba don hatsinta ake shuka ta ba, sai don jan da ke jikin karanta. Baba bai yarda da na kasuwarmu ba, ya ce na masu magani ne, ba ya kama fata yadda yake so. Nasa daga gulbin Maraɗi wani tsohon falke yake kawo masa, a dake, ya juye a tulu. Da falken ya rasu, tulun ya ƙare, Baba ya ɗora mini neman wani. Ni kuwa na ga wahala ce, na koma sayen garura a ɓoye, jan garin nan na kanti da kana zuba shi a ruwa ya yi ja. Damina ce ta tona mini asiri. Ruwa ya doki wani Alaramma a hanya, gafakar da na yi masa ta zuba, jan ya ratsa har cikin Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa. Ya zo rumfa, bai ɗaga murya ba, ya dai shimfiɗa takardun a gaban Baba ya faɗi abin da ya faru. Da zagin mu ya yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya karɓe wuƙata da basillata. Ya ce, "Habibu, ka je ka zo da ja na gaskiya. In ba ka samo ba, ni zan rufe rumfar nan da hannuna, gara sunan gidan ya mutu da sauran mutuncinsa." A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na gaji sana'ar, kuma Baba ba ya maimaita magana.

A Sabon Garin Maraɗi wani tela ya ji tausayina ya bar ni ina shimfiɗa tabarma a bayan kekunansa. Hausa ake yi ko'ina, amma ina buɗe baki sai a ce, "Ɗan Najeriya ne." Layin wayata ya mutu tun kan iyaka, sai telan ya ara mini tasa, wadda yake kira salula, in kira matata Rabi. Kullum tambayarta ɗaya ce, "Ka samu?" Kullum amsata ɗaya ce, "Ana nan ana nema." Ba na yarda in tambaye ta Baba, don ina tsoron abin da za ta ce.

Kwana biyu ina zagaya babbar kasuwa har ƙafata ta yi bororo. Samarin 'yan koli ko sunan ba su sani ba, sai su miƙo mini garura su ce ga na zamani. Dattawan kuma suka ce na makara, 'yan Kwatano sun zo da manyan motoci sun kwashe na bana, can wurinsu da shi ake rina cuku da abinci.

A rana ta uku wani mutum mai tsabtataccen kaftani ya dafa kafaɗata.

"Baƙo, mi kake biɗa haka, tun jiya nike ganin ka?"

Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce sunansa Isaka, dillali ne. "Karan dahi? Ai ka zo gida. Taho in gwada maka."

Ya kai ni wani ɗakin ajiya a bayan layin masu hatsi, ya kwance bakin buhu. Ɓawon kara ne cike, ja zur, har yana ɗaukar ido. Ya sayi ruwan leda, ya tsiyaya a kofi, ya jefa ɓawo biyu. Kafin in ƙifta ido ruwan ya rine. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Ni garin karan dafi kawai na sani a tulu, kuma Baba ke haɗa shi, ni ina can ina hira da abokai. Abin da idona ya saba da shi garura ce, don haka a wurina ja mai kyau shi ne wanda ya yi saurin fita. Ban ko yi cinikin kirki ba, na zazzage masa kusan duk abin da na zo da shi.

Daga nan na ce wa ɗan kabu-kabun da muka ɗora wa buhun, wato ɗan acaɓa, ya kai ni majema, in sayi fatar jar akuya guda biyu in tafi wa Baba da ita, don duk duniya an san fatar akuyar Maraɗi. Muna isa warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata ya buge ni. Mutane toshe hanci suke yi a irin wurin nan, ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido, don warin gidanmu ne.

Wani dattijo da ake kira Malam Ila yana durƙushe yana kankare fata. Na gaya masa garinmu da sana'armu, ya ga buhuna ya tambayi abin da ke ciki, ni kuma na kwance masa da alfahari. Ya ɗauki ɓawo ɗaya, ya lashi babban yatsansa, ya murza. Ya ɗaga mini yatsan, ya yi jawur.

"Wa ya saida maka wanga?"

Na ce wani dillali ne, kuma a gabana ya gwada shi da ruwa.

"Da ruwan banza?"

"Da ruwan leda."

Ya girgiza kai. "Karan dawa ne, na abincin bisashe, anka tsoma shi cikin garura anka shanya. Karan dahi na gaskiya rowa gare shi, Bazazzagi. Ruwan banza ba ya ba shi komi, sai ka kai mashi ruwan toka. Abin da yab ba ka ja da sauri, da sauri shika karɓe abinshi." Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai ɗan dukawa ne kuwa?"

Na zauna a kan dutsen da suke bugun fata. Na baro Zariya saboda garura, na ƙetare ƙasa, na zo na sayi garura da kuɗin guzurina.

Malam Ila bai lallashe ni ba, ya ci gaba da aikinsa yana magana kamar da fatar yake yi. Ya ce a zamanin kakanninsa jar fata ita ce kuɗin ƙasar nan. Raƙuma ke ɗaukar ta su bi ta Agadas su ratsa hamada har bakin teku, can Turawa su saya su kira ta da sunan Maroko, alhali akuyar a nan ta ci ciyawa, karan a nan ya tsira. Ayari ba ya tashi sai da damin karan dafi, don har dukawan arewa sayen sa suke yi. Daga baya kamfanonin Turawa suka kawo garura a gwangwani, mai araha, mai ƙyalli, manoma suka ga ba riba suka daina shukawa. "Mu ma nan da ita muke aiki yanzu," in ji shi, "ba ni yi maka ƙarya. Amma mu takalmi muke rinawa, ba rigar littahin Allah ba."

Ya ce in gwada Jiratawa, akwai masu lambun da a da suke sa shi a gefen gona. Da zan tafi ya naɗe fata biyu ya cusa mini a hammata, ya ƙi karɓar komai. Ya ce in bar masa buhun zai ba tumakinsa, sannan ya tuna da garurar ya ce a'a, ko tumakin sun fi ƙarfin wannan.

Na koma layin masu hatsi. Ɗakin na kulle, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce bai san wani Isaka ba. Na sayar da agogona na sami kuɗin mota.

Jiratawa kore ce shar, injinan ban ruwa na ta kuka, zogale da tattasai da albasa iya ganinka. Na bi lambu lambu tun hantsi ina sallama. Wani manomi ya jingina da fartanyarsa ya yi mini dariya har da tari. "Ruwan da muke biya, in ba karan da ba a ci? Ubana ya yi, ni ban yi ba." Wani ya ce in je wurin ƙanensa, ƙanen ya ce in koma wurin wan. Da la'asar na zube a gindin wata bishiya a bakin hanya, ban ci komai ba tun jiya, kaina na sarawa. Abin da nake gani a zuciyata kawai shi ne ƙofar rumfarmu da kwaɗo a jiki, da mutanen unguwa suna wucewa suna nuna ta.

Wata mata mai sayar da kwaɗon zogale a gindin bishiyar ta daɗe tana kallona. Can sai ta zuba a kwano ta turo mini. Na ce ba ni da na saye. Ta ce, "Wa yat tambaye ka? Ci, hankalinka ya dawo." Ina ci ina ba ta labari. Da na ambaci karan dafi sai ta tafa hannu, ta ce lokacin da ta haifi ɗanta na fari jininta ya ƙare, uwarta ta je har Tibiri ta karɓo mata shi wurin wata tsohuwa Hantsi, aka dafa mata da kanwa ta sha.

"Tana nan da rai, tana shukawa bayan gidanta. Amma ba ta saidawa, ko nawa za ka ba ta. Kuma in gaya maka tun yanzu, anna ne, ba su salla."

Washegari na kama hanyar Tibiri. A shingen jandarmomi aka sauke ni ni kaɗai, wani ya riƙe katina yana juya shi yana yi mini tambaya da Faransanci, ni kuwa sai "na'am" nake cewa. Direban ne ya sauko ya yi magana da shi aka sake ni.

Gidan Hantsi na can ƙarshen gari, inda gonaki suka fara. Tun daga nesa na hango karan a bayan danga, dogaye, jikinsu ja mai duhu kamar busasshen jini, ba ƙyalli ko kaɗan. Da a kasuwa na gan shi da ban ko tsaya ba. Tsohuwar 'yar firit ce, tana zaune tana tsince wake. A gindin wata tsamiya a tsakar gidan na ga tulu a kife, an ɗaura masa jan ƙyalle, ga gashin kaza a warwatse. Duk labaran da aka ba mu muna yara game da masu bori suka dawo mini.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tashi ta ɗebo ruwa a randa cikin ƙwarya ta miƙo mini, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na dubi ƙwaryar, na dubi tulun nan. Bakina ne ya riga ni.

"Iya, azumi nake yi."

"Azumi a watan ga?"

"Na nafila ne."

Ta ce to, ta mayar da ruwan cikin randa. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce mu dukawa ne, namu ya ƙare. Ban ambaci Alaramma ba.

"Ba ni saidawa," in ji ta. "Wanda ka so shi shiga ya ɓare da hannunai. In na ga aikinka ya yi, in ba ka rabonka. Na ƙasa za ka ɓare, masu duhu, ka bar na sama su nuna."

Na cire riga na shiga. Ranar kaka ce, ba iska ko kaɗan a cikin karan. Gefen ganyen yana yanka kamar reza, ƙaiƙayi na shiga wuya, gumi na bin yankan. Kafin azahar harshena ya manne a ganɗa. Ga randa ina hango ta ta cikin danga, jikinta na naso, ga kuma ƙaryar da na yi ta tsaya tsakanina da ita. Na ce a raina in na sha yanzu ta san na raina ruwanta, ta kore ni, shi ke nan rumfa ta tafi. In ban sha ba kuma ban san ko zan kai la'asar ba. Na ci gaba da ɓara har karan ya fara juya mini.

Ban san lokacin da na faɗi ba. Na dai farka na ji ruwa na bin fuskata, tsohuwar na tsugune a kaina da ƙwaryar nan.

"Sha, ɗana. Allahnka ya san ƙarya ka yi, ni ma na sani tun da sahe. Randa guda ce da wadda liman ka sha in ya biyo ta nan."

Na sha har ina shaƙewa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, sai kawai na ji ina kuka, ƙato da ni. Na gaya mata komai, garurar da na ɓoye wa Baba, da ruwan saman, da takardun Alaramma, da buhun Isaka. Na ɗauka za ta yi dariya. Fuskarta ce ta ɓaci.

"Littahin da mutum ya rubuta da hannunai? Kai! Ko mu da ba mu karatu ba mu yi ma littahi haka." Ta nuna karan da haɓa. "Ja ba ado ba ne. Ubana ya saida ma fatake shi, ni ina ba masu jego. Masu salla na sa shi ga littahinsu, sarakai ga kuben takobi, mu ga layunmu da wancan da ka gani ka tsorata. Kowa abin da yake tsoron ya ɓace mashi shi yake ruhewa da ja. Kai kuma ka ba mutum ja na ƙarya."

Na ce, "Na yi kuskure, Iya."

"Ka yi. Tashi ka ci tuwo, gobe ka ƙarasa."

Kwana huɗu na yi a gidanta. Ita ta nuna mini inda zan yi salla, ta share wurin da kanta. Ta koya mini shanya ɓawon a inuwa, don rana na cinye jan. Ta koya mini tarar ruwan toka, a cika tukunya mai huji da tokar karan gero, a zuba ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Ran da ta zuba wannan ruwan a kan garin da na daka, na tsaya ina kallo. Da farko ba abin da ya faru. Sannan jan ya fara tasowa daga ƙasa, mai nauyi, mai duhu, irin wanda na sani a hannun Baba ina yaro. Da zan tafi ta cika mini rabin buhu, ta ɗora zangarniya biyu a kai, ta ce in shuka a gefen gona kada in sake zuwa ƙasar mutane ina suma.

A kan hanyar gida buhun na kan cinyata. Duk shingen da aka tsayar da mu sai in rungume shi, ina tsoron wani ya soke shi da ƙarfe ko ya ce a sauke. A kan iyaka wani ma'aikaci ya zura hannu ya shinshina, ya ce maganin basir ne? Na ce e, ya ce in wuce.

Na iso Zariya da safe. Rumfa a buɗe, Baba na zaune yana ɗinki. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce, "Rina in gani." Na daka, na tari ruwan toka, na shafe fatar Malam Ila da man gyaɗa, na goga jan da tsumma, na ɗauraye da ruwan tsamiya, na shanya a inuwa. Da ta sha iska na kawo masa da hannu biyu.

Ya shimfiɗa ta a cinya, ya bi ta da tafin hannu daga wuya har wutsiya. Ya kai ta hanci ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya ce in matso.

"Wane irin ja ne?"

Na ɗauka gwada ni yake yi, na fara kame-kame.

"Ba gwada ka nake yi ba, Habibu," ya ce, ya rage murya. "Yanar ido ce ta rufe mini gani. Na daɗe ja da baƙi duk ɗaya ne a wurina. Ɗinki hannu ke yi, shi ya sa ba wanda ya lura. Ƙamshin dai shi ne. Kai za ka gaya mini sauran."

Na dubi idanunsa, abin da na yi shekaru ban yi ba saboda kunya, na ga farin da ya kwanta a kansu. Sannan na dubi fatar. Bayan ya kama, ja mai zurfi, ba abin da za a ce. Amma a wuyan akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da ya yi fari-fari. In na ce ta yi, ba wanda zai musa mini a duniyar nan, kuma yau ɗin nan zai mayar mini da wuƙata.

Na ce, "Baba, bayan ya kama sosai. Amma wuyan bai kama ba."

Ya laluba wuyan da yatsa, ya daɗe a wurin.

"Rowar man gyaɗa ka yi a nan," ya ce. "Ɗauko ɗaya fatar. Ni in riƙa shafawa, kai ka riƙa gani."